Kyandiran tsohuwar da kike jinya

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce tsohuwar Bayahudiyar da kike kula da ita a Manchester ta yi dare uku tana jiran duhu kafin ta kunna kyandiranta, amma ran Juma'a ta ɗaga miki hankali tun ƙarfe uku na rana, kuma ta hana ki karanta takardar magani da haskensu. Ba rikicin tsufa ba ne, a kan ƙa'ida take.

Bikin Hanuka suke yi. Yana farawa ran 25 ga watansu na Kislev, ya yi kwana takwas. Suna tuna shekarar 164 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da Yahuda Makabi ya ƙwato Haikalin Ƙudus daga mutanen Sarki Antiyokus na Huɗu. Talmud, littafin malamansu na dā, ya ce tulun man zaitun ɗaya tak suka samu mai tsarki, na kunna fitila kwana guda, amma ya ci har kwana takwas.

Da kin riƙe abu ɗaya kin gane sauran: wutar nan ta shela ce, don mai wucewa ya gani. Shi ya sa take ajiye ta a taga. Malamansu na dā sun ce lokacinta daga faɗuwar rana har sawu ya ɗauke a kasuwa. Wasu na kunnawa da rana ta faɗi, wasu sai taurari sun fito, amma dole ta ci aƙalla rabin awa bayan duhu. Kuma ranarsu da magariba take shiga, kamar yadda mu ma daren Juma'armu daren Alhamis ne.

To, Juma'a ce mai rikita baƙo. Rana na faɗuwa Asabar, ranar hutunsu ta addini, ta shiga, kunna wuta ya haramta gare su har taurarin gobe su fito. Saboda haka sai a fara kunna na Hanuka, sannan na Asabar, waɗanda akasari ake kunnawa minti 18 kafin faɗuwar rana. A can, cikin Disamba, rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, kin ga ba ta yi azarɓaɓi ba. Sai dai ƙananan kyandiran nan masu launi ba sa kaiwa, don ana so wutar ta yi kusan awa ɗaya da rabi. Ki tanadar mata manya, ko ki cika mata kofunan da mai idan da lagwani take amfani. Ran Asabar da dare kuwa akasin haka ne, sai an fita hutun tukuna.

Fitilar rassa tara gare ta. Na taran, wanda ya ɗara sauran tsayi, shi ne shamash, hadimi ke nan, da shi ake kunna ragowar. Su takwas ɗin ba a cin moriyar haskensu, shi ya sa ta hana ki karatu. Ki kunna lantarki abinki. Jerawa daga dama ake yi zuwa hagu, kullum a ƙara ɗaya, amma kunnawa daga sabon ake farawa, a hagu. Almajiran Shammai, wani malaminsu na dā, sun so a fara da takwas ana ragewa, na takwaransa Hillel suka ce a riƙa ƙarawa, nasu aka bi. Ni ma dai na fi ganin hikimar ƙarin. Kwali ɗaya kyandir 44 ne, daidai da buƙatar bikin.

Jera mata da goge narkakken kyandir duk kina iya yi. Kunnawa da addu'a nata ne, ko hannunta na rawa ki tallafi gwiwar hannun kawai. Idan kika ga ta zauna ta ƙi taɓa aikin komai na rabin awa, al'adar matansu ce. Ki janye labule nesa da wutar tun kafin ta kunna, musamman ran Juma'a, don ba za ta yarda a matsar da fitilar ba bayan Asabar ta shiga.

Ki gaishe min da maigidanki da yara.