Ga mai tambaya kan Jamini Roy

Ƙanwata, wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce malamin da ke duba aikinki ya ƙi batun Jamini Roy, mai zanen nan na Indiya, wai ba mai zane ba ne, kwaikwayon zanen ƙauye kawai yake yi, kina neman shawara ko ki canza batu. Kada ki canza. Abin da ya same ni ke nan a shekarata ta ƙarshe a makaranta.

Ranar da na kai babin farko, a gaban duk 'yan ajinmu malamina ya ɗaga hoton uwa da ɗa na Roy, mai manyan idanun nan dogaye, ya ce ɗansa na firamare ma zai yi wannan. Aji ya fashe da dariya. Ya watsar da takardun a tebur, wasu suka zube ƙasa, na durƙusa ina tsinta. Da na koma ɗaki na duba, ko ɗigon jan biro babu a ciki. Bai karanta ba. Wata biyu ina rubutu, da kuɗin abincina na buga hotunan nan masu launi. Kwana uku ban fita ba, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Ki fara nuna wa malaminki cewa Roy ya iya zanen Turawa kafin ya bar shi. An haife shi a 1887 a Beliatore, gundumar Bankura, ya shiga makarantar zane ta gwamnati a Kalkata yana ɗan shekara 16, ya daɗe yana zana fuskokin mutane da fentin mai yana cin abinci. Da hankalinsa ya ajiye wannan a shekarun 1920, ya koma ga salon masu zanen unguwar Kalighat ta Kalkata da suke sayarwa kusa da wurin bautar Kali, abar bautar 'yan Hindu. Ko hanyar su Abanindranath Tagore, jagoran masu zanen yankin Bengal na lokacin, bai tsaya a kai ba. Ki sa hoton aikinsa na farko kusa da na baya, shafi ɗaya.

Launukansa ma da kansa yake haɗawa, daga ƙasa da baƙin hayaƙin fitila, ya ɗaure da ƙwallon tsamiya. Na gwada a gida, Innarmu ce ta daka min ƙwallon tana ta yi min addu'a. Allah ya jiƙanta, ba ta ga ranar da na gama ba.

Malaminki zai kawo miki maganar yadda Roy ke maimaita zane ɗaya sau da yawa. Gaskiya ne, kada ki musa. Da gangan yake yi, yana sayarwa da araha don masu ƙaramin ƙarfi su rataya a gida. Ya rasu a 1972, a 1976 kuma gwamnatin Indiya ta sa shi cikin masu zane tara da aka hana fitar da aikinsu daga ƙasar.

Kuma don Allah kada ki yi gardama da malamin a aji. Ki kai masa a rubuce, ki riƙe kwafi da kwanan wata. In ya sake ƙin karantawa, ki je wurin shugaban sashe da ladabi. Ni na yi jinkiri, sai da na rasa zango guda.

Turo min babinki na farko ta saƙo, zan karanta shi a daren nan in sha Allahu.