Ƙirga kiran tukuna, kafin ka taɓa kanel

Kana tambaya ta yaya za a sa kiran kanel ya yi sauri, wato lokacin da manhaja ke tsallakawa ta roƙi kanel, zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, ya karanta mata fayil ko ya aika mata saƙo. Zauna, yaro. Ka fama mini tsohon miki.

A ƙarshen 2017 na gina wa wani kamfani manhajar tattara bayanai a kan Linux. Na gwada, tana gudu lafiya lau, na miƙa. Aibinta ɗaya: duk layin da za ta ajiye sai ta kira write, wato kiran kanel na yin rubutu, layi ɗaya kira ɗaya. Na gani da idona, na ce ba komai. Sai ga Janairun 2018, aka fallasa raunin Meltdown a firosesocin Intel, aka kawo gyaran KPTI wanda ya raba teburin shafukan kanel da na manhaja, wato taswirar inda bayanan kowanne suke a ma'adana. Daga ranar, duk shiga da fita sai an sauya tebur, a firosesa marar PCID (alamar da ke bambance teburorin) kuwa har TLB, 'yar ma'ajiyar da firosesa ke tuna adireshi da ita, ake sharewa. Injinan mai kamfanin duk tsofaffi ne. Manhajata ta koma tafiyar hawainiya. Kwana uku ban runtsa ba, na sa rubutun ya riƙa taruwa a bafa, wato ma'ajiyar wucin gadi, ana zubar da shi lokaci guda, aiki ya dawo har ya fi na da. Shi kuwa ya danne ragowar kuɗina, wai na sayar masa da kaya mai lahani. Har yau da ita yake aiki. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To kai da ka zo da zancen gyara kanel, ka san sau nawa manhajarka take kira a daƙiƙa? Ba ka sani ba. Haka kuke yaran yanzu, kun ji sunan io_uring, hanyar jera wa kanel buƙatu da yawa a layi, kuna rawar kai, alhali ko strace -c, mai ƙirga kiran da manhaja ke yi, ba ku taɓa kunnawa ba.

 Duba agogo da kiran clock_gettime dai, vDSO (ɗan guntun kanel da ke aiki a cikin manhajar kanta) ya riga ya ɗauke maka, galibi ko kanel ba a shiga. Sauran kiran kuwa ka dunƙule su ta hanyar writev ko sendmmsg, masu aika abu da yawa a kira ɗaya. In duk da haka kiran ya yi yawa, sannan ka nemi io_uring, wanda ya shigo Linux 5.1 a 2019.

Je ka kunna strace -c, ka kawo mini adadin gobe da safe.