Ido ɗaya ga falanki, ido biyu ga ƙusa

Ka ce jiya ka ga na ɗaga falanki na rufe ido ɗaya ina dubansa, amma da ka rufe naka za ka buga ƙusa sai na daka maka tsawa. Kana so ka san dalili. To ajiye zarton, matso nan.

Miƙa hannu ka ɗaga babban yatsa, saita shi da bakin ƙofar can. Rufe idon hagu. Yanzu buɗe shi ka rufe na dama. Ka ga yatsan ya yi tsalle? Ko gezau bai yi ba. Tsakanin ƙwayar idonka ta dama da ta hagu akwai santimita 6 da 'yan kai, don haka kowacce daga nata gefen take hangen abu. Hoto biyu ke isa ƙwaƙwalwa, ta haɗa su ɗaya, kuma ɗan saɓanin da ke tsakaninsu shi ke gaya mata nisa. Abin kusa tsallensa babba ne, na nesa ƙarami. Wani masani ɗan Ingila, Charles Wheatstone, ya tabbatar da haka a 1838: ya sa madubi biyu, ya nuna wa kowane ido nasa zanen a takarda, sai ga abu ya fito da tudu da zurfi kamar ka kai hannu ka taɓa.

Bugun ƙusa aikin nisa ne, ɗana. Kan ƙusar bai fi ƙwayar dawa ba, guduma na saukowa da nauyinta, yatsunka na nan a gindi. Ka rufe ido ɗaya, ka toshe ma'auninka kenan, farcenka ne zai ji a jikinsa.

Duba miƙewar katako kuwa ba ruwansa da nisa. Layi ɗaya tak nake so, daga idona ya bi gefen falankin har ƙarshensa. Ido biyu layi biyu za su ba ni, gefen ya rabu, lanƙwasar ta ɓuya a tsakani. Da na rufe ɗaya, duk inda ya gantsare sai ya tona kansa.

A shagon da na koyi aiki akwai wani dattijo da tsinin ƙusa ya fallatsa ya tsiyaye masa ido. Ya ci gaba da sana'arsa, amma sai da ya yi watanni yana zuba shayi a gefen kofi. Daga baya ya koyi dabara: ya ɗan karkata kai dama da hagu kafin ya buga, ya fara taɓa kan ƙusar da guduma a hankali, ya lura da inuwarta. Har yau in na tuna shi raina na sosuwa. Shi ya sa ba na yi maka da wasa a kan tabarau in za ka kunna injin yanka.

Ɗauko falankin can mai ƙafa 12, ɗora bakinsa ɗaya a ƙasa, ka duba min ko zai yi mana ƙofa.