Me Ya Sa Bishiyar Sifurus Take Doguwa a Kwari, Gajeriya a Kan Dutse?

Tambaya: Na je yawon buɗe ido a tsaunukan Alps na ƙasar Ostiriya. A ƙasan dutse na ga bishiyoyin sifurus dogaye miƙaƙƙu, amma da muka yi sama sai suka yi ta sirancewa, can ƙarshe ma wasu ba su kai ƙuguna ba, duk sun karkace. Iri ɗaya ne kuwa? Gajerun nan ƙanana ne da ba su gama girma ba?

Amsa: Malam, yawancinsu iri ɗaya ne na sifurus (spruce a Turance, bishiyar ƙasashen sanyi), wanda masana tsirrai ke kira Picea abies, kuma gajerun da ka gani ba lallai ba ne a ce ƙanana ne. Wata da ba ta wuce ƙugunka ba tana iya girme wa mai mita 30 da ke cikin kwari.

Mu fara da yadda take girma. Sifurus daga ƙoli kaɗai take ƙara tsawo. A ƙarshen kowane lokacin zafi tana ɗaura toho ɗaya a can samanta, da wasu 'yan toho kewaye da shi. Idan sanyi ya wuce, na tsakiya ya miƙe sama, na gefe su zama rassa a jere guda, kamar hawan bene. Hawa ɗaya, shekara ɗaya. Shi ya sa ma'aikacin gandun daji zai tsaya gaban matashiyar bishiya ya ƙirga hawan rassanta, ya ƙara 'yan shekaru saboda na farko da suka ɓace, ya gaya maka shekarunta. Tazarar da ke tsakanin hawa biyu kuwa ita ce tsawon da ta ƙara a waccan shekarar. Reshen da ya fito a tsayin mita biyu nan zai zauna har ya bushe, ba ya tashi sama tare da ita. Tohon ƙoli yana aika wani sinadari mai suna oksin zuwa ƙasa, wanda ke hana rassan gefe miƙewa su yi gogayya da shi. Rassan ƙasa sun fi daɗewa, don haka sun fi tsawo, na sama gajeru. Daga nan ne siffar nan ta dala take fitowa.

Kauri kuma hanyarsa daban. A ƙarƙashin ɓawo akwai wani siririn rufi mai rai da ke shimfiɗa sabon itace kowace shekara, daga sama har gindi: mai haske da laushi a farkon lokacin girma, mai duhu da tauri a ƙarshensa. Su biyun ne ke yin zobe guda.

Tsawo da kauri ba sa tafiya tare. Da farko tana jan ƙafa, musamman a inuwar manya, inda za ta iya shekaru da dama ba ta kai tsayin mutum ba, kanta a baje kamar laima don kamo ɗan hasken da ke ratsowa. Idan babba ta faɗi haske ya shigo, sai ta zabura. A ƙasa mai kyau, tsakanin shekara 20 zuwa 60, rabin mita a shekara ba abin mamaki ba ne. Daga nan tsawo ya lafa, ƙolin ya rage tsini, amma kauri ya ci gaba. A kwari takan kai mita 35 zuwa 50, akwai ma wadda aka auna a Sulobeniya ta haura mita 60. Maƙwabta ma suna da hannu. Wadda ta tashi ita kaɗai a fili tana riƙe rassanta har ƙasa, gindinta ya yi kauri. Wadda ke cikin cinkoso rassanta na ƙasa suna mutuwa don rashin haske, ta zama doguwar gora da ɗan ganye a sama.

To sai dutse. Duk mita 100 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 0.6, kwanakin girma kuma suna gajarta. Tazarar hawan rassa ta koma 'yan santimita, zobe ya koma milimita ɗaya ko ƙasa da haka. Bishiyar tana daɗewa da ganyenta, wanda ke kama da allura, har shekara goma ko fiye, domin yin sabo yana da tsada a wurinta. Wannan itace mai matsattsun zobba shi masu yin gogen Turawa ke nema, dajin Paneveggio na arewacin Italiya da shi ya yi suna. Sirancewar da ka lura da ita kuwa aikin dusar ƙanƙara ne. Dogon reshe mai faɗi yana tara ta har ya karye, gajere mai sunkuyowa sai ta zame ta zube. Abin har ya shiga jinin bishiyoyin can sama, don haka masu dasa daji ba sa kai irin kwari kan tsauni. Inda aka yi wannan kuskure, ƙanƙara mai nauyi ce ke kakkarya kawunansu.

A gangare mai tsauri za ka ga gindi ya lanƙwashe kamar baka sannan ya miƙe. Ƙanƙarar da ke jan ciki zuwa ƙasa ce ta danne ta tun tana ƙarama. Don ta tashi, sai ta yi wani itace mai tauri, ja-ja, a ɓangaren ƙasa na lanƙwasar, yana tura ta sama. Kafinta ba ya son wannan katako, yana murɗewa idan ya bushe.

A Alps iyakar daji tana wajen mita 1,800 zuwa 2,200, kuma nan ne ka ga karkatattun. Jamusawa suna ce musu Krummholz, wato karkataccen itace. A hunturu ƙasa tana daskarewa, saiwa ba ta iya jan ruwa, amma rana da iska suna ci gaba da busar da ganye. Ga kuma ɓurɓushin ƙanƙara da iska ke watsawa, yana kankare toho kamar yashi. Abin da dusar ƙanƙara ta binne ya tsira, abin da ya leƙo ya mutu. Saboda haka tsayin bishiyar yana nuna maka zurfin ƙanƙarar wurin. Idan wani tsiro ya samu shekaru masu sauƙi ya ƙetare, rassa sai su fito a gefen da iska ba ta duka kawai, ya zama kamar tuta. Rassan ƙasa da suka kwanta a kan danshi kuma suna yin saiwa su zama sababbin bishiyoyi. Ta haka ne wata sifurus da ke tsaunin Fulufjället na Suwidin ta rayu: gangar jikinta kusan mita 5 ce, amma ragowar itacen da ke ƙarƙashinta an auna ya kai shekara 9,550.

Abin da ya fi ɓata siffa shi ne rasa tohon ƙoli. Barewa ta cinye shi, ko sanyin ƙarshen bazara ya ƙone shi, sai reshe biyu su tashi neman gurbinsa, bishiya ta yi kai biyu, kuma a mahaɗar nan take tsagewa daga baya. Na biyu shi ne sirantar da cinkoso ke jawowa. Masu daji suna auna kauri a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, su raba tsawo da shi, duka biyun a santimita. Mai mita 20 da kaurin santimita 25 ta ba da 80, tana da dama-dama. Mai mita 20 da santimita 20 ta ba da 100, wannan tana cikin haɗari, ga shi saiwarta ba ta nutsawa sosai. Maganin shi ne a rage su tun suna matasa, kamar yadda manomi ke rage gero a rami. Idan aka makara aka buɗe dajin bayan sun riga sun sirance, iska ce za ta kwashe su, kuma ƙwaron ɓawo ya bi kan waɗanda suka faɗi ya yaɗu zuwa na tsaye, kamar yadda ya faru a arewa maso gabashin Italiya bayan guguwar Vaia ta watan Oktoba 2018.