Tambaya da Amsa: An kai ƙarata wajen aiki, manaja ya ce in ajiye aiki da kaina

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista, sannu da ƙoƙari. Ni mai kula da sito ne a wani kamfanin sayar da kayan abinci nan Gombe, shekarata huɗu a wurin. Abokin aikina ne ya kai ƙarata wai ina fitar da kaya ba rasit, manaja ya kira ni ya ce an kafa kwamiti in zauna a gida, kuma wai in ina son mutuncina gara in rubuta takardar ajiye aiki. Wallahi har yau ban ga abin da aka rubuta a kaina ba. Ya zan yi? Mai karatu daga Pantami.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka rubuta takardar nan, ko da an ce maka taimakonka ake yi, domin ranar da ka sa hannu kai ka tafi da ƙafarka, gobe in ka je neman haƙƙi ita za a fara ɗaga maka.

Yau ɗin nan ka rubuta wa kamfanin wasiƙa ka nemi a ba ka ƙorafin a rubuce, wane kaya ne, wace rana, buhu nawa. Ka yi fotokofi, a buga maka sitamfi a kwafinka cewa an karɓa. In sun ba ka takardar tuhuma ka amsa a rubuce cikin lokacin da suka sa, ka kawo littafin sito da rasitai da sunan direban da ya ɗauki kayan, kar ka tsaya rantse-rantse, takarda ita ke magana a irin wannan wuri. Sauraron kowane ɓangare yana cikin sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana duba ko an ba mutum damar kare kansa kafin a kore shi kan laifi. Wanda ya kai ƙarar ma bai kamata ya zauna cikin kwamitin ba, in ka gan shi ka nuna rashin yarda a rubuce.

Batun zama a gida kuwa ka duba takardar ɗaukarka aiki, wadda sashe na 7 na dokar ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci cikin wata 3. In babu inda aka yarda da dakatarwa ba albashi, ka nemi albashinka. Mai shekara 2 zuwa 5 irinka, in za a sallame shi, sashe na 11 ya ba shi notis na sati 2 ko kuɗinsa, sai dai in an tabbatar da laifi.

Abokin aikin nan kuma ka rabu da shi, ba kira ba habaici a sitatus na WhatsApp, duk za a iya kawo su gaban kwamiti. In abin ya kai ga 'yan sanda, kar ka rubuta bayani sai da lauya, ofishin Legal Aid na taimakon marasa hali kyauta. In kuma sun kore ka ba su saurare ka ba, ka fara da ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, in ba a daidaita ba sai kotun ma'aikata, wadda tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ita ke da hurumin irin wannan shari'a.