Sun ce wa'adin SQL Server ɗinmu ya ƙare amma yana aiki lafiya, dole ne mu canza?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani kantin magani a Sabon Gari nan Zariya, duk lissafin kaya da bashin kwastomomi yana kan manhajar adana bayanai ta Microsoft, SQL Server 2014. Wani ɗalibi da ya zo koyon aiki wajenmu ya ce wa'adinsa ya ƙare, shi kuma mai gida ya ce tunda bai taɓa ba mu matsala ba a ƙyale shi. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Yaron nan ya faɗa maka gaskiya, ka riƙe shi da kyau. Microsoft shekara 10 suke ba kowane SQL Server, biyar na farko suna gyara komai har da ƙarin sabbin abubuwa, biyar na ƙarshe kuma toshe ƙofofin tsaro kawai suke yi. Naku na 2014 wa'adinsa ya cika tun 9 ga Yuli 2024. Akwai ƙarin shekara uku da ake saya, amma kuɗinsa na manyan kamfanoni ne ba na kantin unguwa ba.

Abin da ke ruɗa mai gidanka shi ne yana jiran ranar da manhajar za ta ƙi buɗewa, to wannan ranar ba za ta zo ba, gobe da safe za ta tashi ta buga rasit kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne facin, wato gyaran da Microsoft ke fitarwa don toshe ɓarakar tsaro. Duk ɓarakar da aka gano daga yanzu haka za ta zauna a buɗe, kuma masu kutse sun fi mu sanin waɗannan ranakun. A Janairun 2003 wata tsutsar kwamfuta mai suna Slammer ta shiga injinan SQL Server 2000 kusan 75,000 cikin minti goma, alhali facin da zai hana ta ya fito tun wata shida kafin nan, mutane ne kawai ba su saka ba. Su suna da magani a hannu suka yi sakaci, ku kuma ko kun nemi maganin babu shi.

Amma wallahi ni abin da ya fi tsorata ni a nan garin ba ma kutse ba ne, wuta ce. Ranar da NEPA ta kawo da ƙarfi ta ƙona wannan tsohuwar kwamfutar, za ka je ka sayo sabuwa ka tarar Windows 11 ce a kai, ita kuma ba ta cikin waɗanda Microsoft ta yarda a ɗora 2014 a kansu, sai ka koma yin ƙaura cikin gaggawa mutane na layi suna jiran magani. Na taɓa zuwa wata makaranta mai zaman kanta wajen Samaru an kira ni kan irin haka, na ce ina bakof, wato kwafin bayanan da ake ajiyewa don ko-ta-kwana, mai kula da wajen ya nuna min kwamfutar da ta ƙone ya ce ai yana ciki. Sakamakon yara na shekaru, duk a faifai ɗaya. Har yau idan na tuna fuskarsa sai raina ya ɓaci.

Don haka kafin ka yi maganar sayen komai, ka ɗauki bakof yau ɗin nan ka kwafe shi a wani faifai na waje, sannan ka nemi wata kwamfuta daban ka saka SQL Server 2022, wanda wa'adinsa sai Janairun 2033, ka gwada dawo da bakof ɗin a kanta. Idan bayananku ba su kai gigabait 10 ba, ƙaramin nau'insa mai suna Express kyauta ne. Ka kira wanda ya rubuta muku manhajar kantin ya zauna ku buga rasit, ku ciro rahoton wata, ku ga ko wani abu ya karye. Ka kiyaye abu ɗaya, bakof na tsoho yana hawa kan sabo amma na sabo ba ya komawa kan tsoho, saboda haka kar ka goge tsohuwar sai kun yi kamar wata guda kuna aiki lafiya.

Wani kuskure da nake yawan gani, mutum ya sabunta Management Studio ya ɗauka ya gama. Wannan taga ce kawai da kake leƙa bayanan, injin yana nan yadda yake. Ka rubuta SELECT @@VERSION a cikin Management Studio ka ga shekarar injin da idonka. 

Kafin mai gida ya saki kuɗi, ka cire kwamfutar daga intanet idan zai yiwu, ka rufe ƙofa ta 1433 (wadda ake bi ta hanyar sadarwa a shiga SQL Server) daga waje, ka canza kalmar sirrin babban asusun SQL Server mai suna "sa" idan har yanzu 1234 ce. Kuma ka tuna masa cewa tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, sunayen marasa lafiya da magungunan da suke sha amana ce a wuyansa.