Batirin alam bai mutu don jabu ba ne, yunwa ta kashe shi

Ka ce maigidan nan na unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi ya sake kiranka. Batirin da ka sa masa a akwatin alam, wato ƙararrawar tsaron gida, bai kai wata shida ba, yanzu da an ɗauke kuran sai allon lambobi ya yi ta ƙara, jiniyar waje ta tashi tsakar dare babu ɓarawo babu dalili. Kana tambaya ko jabu aka sayar maka. To yaro, kafin ka je babbar kasuwa ka tada jijiyar wuya, zauna mu yi lissafi.

Batirin nan bolt 12 ne, amfa 7, wato a lissafi zai ba da amfa ɗaya na tsawon awa bakwai. Akwatin da allonsa da idanun da ke kama motsi, a haɗe sukan ja wajen rabin amfa. Raba bakwai da rabi, awa 14 ke nan a takarda, kuma sai batiri yana sabo cike maƙil. Amma cajar da ke cikin akwatin ƙarama ce ƙwarai. Waɗanda suka ƙera ta sun yi ta ne don ƙasar da ake ɗauke wuta sau ɗaya a shekara, tana iya cin yini da kwana kafin ta cika batirin da ya yi ƙasa. Mu kuwa a bazara NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, ta kawo awa uku ta ɗauke. Kamar mai zuba wa randa ruwa da ludayi ne ana kamfata da bokiti. Kullum batirin yana kwana da rabin ciki, farin gishiri ya daskare a farantan darmar da ke ciki, daga nan ko an ba shi caji ba ya riƙewa.

Ka tuna Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wa Nijar layin wuta bayan juyin mulki, ba a maido ba sai Maris ɗin 2024? Wutarmu ta Maradi ta layin Katsina take shigowa. A watannin nan batiran alam da na ciro sun fi ƙarfin kwali guda, kuma yawancinsu masu kyau ne. Duk batirin darma da ya sauka ƙasa da bolt 10.5 ya ji rauni, tsofaffin akwatuna kuwa ba sa yanke shi, sai sun tsotse shi tas.

Ga kuma zafi. Shekara uku zuwa biyar da ake cewa batiri yana yi, a zafin digiri 25 ne. Duk ƙarin digiri goma yana cinye rabin kwanansa. Kai kuwa ka je ka kafa akwatin a sama, dab da kwano, a garin da Afrilu ke wuce 40. Sauko da shi, nemo bango mai inuwa.

In ka je gobe, kada ka yarda da mitar awon bolt kaɗai. Mataccen batiri yakan nuna maka 12 da ɗoriya in ba a ɗora masa kaya ba. Fara aunawa da kuran a jone: ka ga 13.6 zuwa 13.8 a kan wayoyin batiri, caja lafiya lau. In ba ka gani ba, duba fis da taransifoma. Sannan cire batirin, jona masa ƙwan mota mai wat 21, ka bar mita a kai na ƴan mintuna. Mai rai zai tsaya kusa da 12. Wanda ya gama yawo, kana kallo lambar za ta zube, ƙwan ya koma ja. Shafa gefensa ma da hannu, in ya kumbura ba sai ka wahalar da mita ba.

Jiniyar waje tana da ɗan batirinta. An yi ta ne ta yi kuka in wutar akwati ta yanke, don a tunaninta an datse waya. Aikinta take yi.

Na san abin da ke ranka, batirin mota. Kul! Cajar ba za ta iya cika shi ba, kana iya ƙona allon da ke cikin akwatin, ga iskar da yake fitarwa cikin ɗaki. In maigida yana da sola, jona taransifomar alam a layin inbata, magana ta ƙare. In ba shi da ita, ka kawo masa caja ta daban mai bolt 12 da batiri mai amfa 18, wadda ke yankewa da kanta in ya yi ƙasa. Zai ce tsada. Lissafa masa kuɗin batiri biyu a shekara har da na zuwanka.

Sabon da za ka saya, ka auna shi a gaban mai shago, ƙasa da 12.5 ka ajiye masa abinsa, ya daɗe a kanta. Ka yi masa caji a wurin aikinka kwana ɗaya kafin ka kai, ka rubuta ranar a jikinsa da alƙalamin maka.